Yadda Sunana Ya Hau Motar Rashashe

Tunkiyar Inna aka sayar aka yi mini kuɗin mota. Ta miƙo mini su a ƙulle cikin tsumma, ta ce, "Iro, in Yawunde ta ƙi ka, hanyar gida ba ta rufe ba." Ku ajiye wayoyin nan ku saurara, labarin ma nasu ne.

A Birik na sauka, unguwar Hausawa a Yawunden Kamaru. Mai gidan haya a can "bayar" ake ce masa, amma ni karɓa kawai na ga ya iya. Aiki kuwa na samu a shagon wani Alhaji Buba, mutumin Garwa, muna ce masa faturon, wato maigida. Ni ke yi masa surfanin manyan riguna, duk da hannu.

Ina shekara ta shida a wurinsa, wata mata daga unguwar Site Bat ta zo karɓar rigar mijinta, ta nuna mini wayarta. Ga rigar da na yi wata guda ina tsiyayar da ido a kanta, ga hoton faturon a gefe riƙe da allura. Mutumin da ko zare bai iya zurawa ba!

Na tare shi. "Faturon, ina sunana a nan?"

"Sunanka na me? Motar rashashe ni ta sani. Ni ke biyanta ta sa ni a sama."

Wallahi na ɗauka wata motar dako ce. Ashe da Faransanci haka suke kiran wurin nan da kuke rubuta abin da kuke nema, waya ta zubo muku amsa. A babbar da kowa ke amfani da ita, masu talla ke fara fitowa. Irinmu kuwa sai yatsa ya gaji ba a gan mu ba.

Ana nan sai ga wata Bafillatana 'yar unguwar Ekudu, Aisatu, injiniya ce. Ita da abokan aikinta sun ƙera tasu motar, 'yar ƙarama, wadda ke jin magana da baki, da Hausa ko Fillanci. Shago-shago take bi tana rubuta masu sana'a.

Faturon ya ƙyalƙyale da dariya. "Tsako ne zai ja da shaho?"

Ta ce, "Alhaji, a da in an nemi tela, wuri ɗaya ake tambaya. Yanzu sun zama biyu." Ta shafa wuyan rigar da ke cinyata. "Baba, aikin wa ye wannan?"

Faturon ya zare mini ido. "Ka buɗe baki, ka tattara naka ya naka."

Na ce, "Iro Bazazzagi, da hannunsa. Rubuta da kyau, 'yata."

Na naɗe tabarmata, na soke allurata a hula, na fita.

Kada ku ɗauka daga nan arziki ya ɓalle. Wata biyu na yi a gindin mangwaro kusa da masu tsire, ina shaƙar ƙamshi ina cin bobolo, tuwon rogon nan da suke naɗewa a ganye, gayansa. Abokai suka dame ni in je in ba da haƙuri. Na ce haƙurin me, sata na yi? Rannan wani malamin makaranta daga unguwar Elig-Edzowa, sunan da har yau harshena ke tuntuɓe a kansa, ya gaya wa wayarsa yana neman mai surfanin hannu. Ta kawo shi har tabarmata. Shi ya kawo surukinsa, surukin ya kawo 'yan biki.

Motar Aisatu ba ta kayar da babbar ba, kada in yi muku ƙarya. Har na taho suna fafatawa, wasu sababbi ma sun fito masu ba da amsa kamar mutum. Ni dai da ido ya fara gajiya na ce gara in ƙarasa a gida. Akwati ɗaya na dawo da shi, sai lambobin masu ciniki cike da waya.

Makon jiya faturon ya bugo, wai wani babban mutum ya ce shi sai aikin Iro. Na gaishe shi da kyau, na tambayi iyali. Sannan na ce masa sai bayan Sallah, akwai mutane a gabansa.