Kanumfarin Tudu

A kasuwar bakin teku ta tsibirin Ambon, bayan rikicin Musulmi da Kirista, wata dattijuwa ta tsaya gaban wata mai sayar da kanumfari.

"Na ina ne wannan?"

"Na gonarmu ta tudu ne, Mama."

"Gonarku? Gefen cocin da kuka ƙone? Mijina Yopi ya dasa itatuwan nan! Ba ki da kunya!"

"Kunya? Ku da kuka kore mu daga gaɓa fa? Mu masunta ne, me ya haɗa mu da tudu? Gidan da aka haife ni ma, naku ke kwana ciki!"

"Wane gida?"

"Mai shuɗiyar ƙofa, bayan masallaci."

Dattijuwar ta sassauta murya. "Ni ke cikinsa. Rufin ɗakin baya yana yoyo."

"Tun babana na raye yake yoyo."