Na Biya Kuɗi Na Sake Hawa Gadon Sama

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatar da shiri, barka da aiki. Sunana Laminu, mutumin Maraɗi, ina tuƙin mota a unguwar Ulaya, nan Riyad.

Hajiya, mu takwas muke kwana a ɗaki ɗaya a unguwar Badi'a, gado kan gado, kuma nawa ne na sama. Da kafil ɗina, wato ubangidana, ya ba ni hutu, na ce bari in tafi Abha in ga duwatsu, in kwana ni kaɗai ko sau ɗaya a rayuwata. Sanusi, wanda ke kwana a gadon ƙasana, ya ce in bar masa maganar masauki, ya san wani mai araha inda matasa masu yawo da jaka a baya suke sauka. Hoton da ya nuna mini, tsakar gida ce da furanni.

Na isa a gajiye, aka buɗe mini ɗaki. Wallahi gadaje ne a kan juna, safa a rataye ko'ina, kuma na sama aka nuna mini! Abin haushin, sauran baƙin murna suke, har da ɗaukar hoto. Wani Bature ya leƙo yana dariya, ya ce, "Abokina, ka taɓa kwana a irin wannan ɗaki?"

Na ce, "Daga irinsa na gudo."

Masu sauraro, don Allah ina talaka zai je ya rufe ƙofa shi kaɗai? Sanusi kuma, ina gaishe ka. Ka naɗe katifarka, ranar da na dawo kai za ka hau sama.