Inna, Ki Zo da Ruwa

A tashar Gummi, Lirwanu ya shiga motar Gusau da sabuwar riga, yana ta washe baki ga dattijon da ke gefensa.

"Baba, aikin tsaro za ni shiga! Yau anka kira mu tantancewa."

"Madalla. Ka san suna bincike ko an taɓa kama mutum, ko yana shan giya?"

"Su bincika! Ni hura kaɗai nika sha."

"Ka huta, ɗana. Akwai wani saurayi da anka yi ma bulalar giya bakin kasuwar Anka. Na mance kamarshi, amma ihun nan nashi, har gobe ina dariya."

Sai kwandasta ya turo ƙofa, ta datse yatsan Lirwanu.

"Wayyo Inna, ki zo da ruwa!"

Dattijo ya zabura, ya tafa hannu. "Ki zo da ruwa! Kai ne!"

Direba ya waiwayo yana ƙyaƙyatawa. "Wallahi shi ne!"

"Baba, ka rufa mini asiri."

"Ni na rufe, ɗana. Kai dai roƙi Allah kar wani ya taka maka ƙafa wurin tantancewa."