Hilin Mushe a Gindin Gawo

"Shirin shekara ashirin ne, Baba! Gari na girma, ba za a tsaya don gonarka ba!"

Ina zaune ɗakin jiran likita a Konni, na baza kunnena. Wani ma'aikaci ne mai tabarau, baƙon gari, da ake ce wa Mushe, wato Malam da Faransanci, ke gardama da wani tsohon manomi.

"Gonar da kunka yanka hili-hili ba ku tambaye ni ba?"

"Mun kira taron jin ra'ayin jama'a, ba ku zo ba."

"Ranar kasuwa, Mushe! Wa zai zo?"

"Kujeru sun cika."

"Da ku da direbobinku."

"Mun auna wurin da rani, shimfiɗaɗɗe, busasshe. Ni kaina na ɗauki hili can, har na jibge bulo."

Tsoho ya gyara zama. "Ashe! Wane gefe?"

"Gindin babban gawon nan."

"Allah sarki. Nan ruwan damina ke kai mini ƙirji. Shinkafa nike shukawa wurin, ba hatsi ba. Da kun sa taronku wata rana, da na gaya maka."

"Ƙarya ne!"

"To, gina. Damina na tahe."

Mushe ya miƙe, ko likitan bai gani ba, ya fice ya bugo ƙofa har labule ya faɗi.