Inuwar Kanti Ta Koma Ta Masu Babur

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Malam Sani Tela ne daga Daura.

Shekara da shekaru a rumfar kantin unguwarmu nake jingine kekena in yi cefane. Da maƙwabcina Ila ya sayi babur, sai maigadi ya ce min, "Baba, kai kekenka bakin kwata, inuwa ta masu babur ce." Har kwali yake rufa wa kujerar Ila!

Ranar Laraba zafin rana ya fasa min taya. Ina turo keke da shinkafa a baya, Ila ya wuce yana danna min hon.

Wallahi ƙyashi ya hana ni sakat. Jama'a, in sauya kanti ne? Ilan nan fa, a wannan keken na koya masa hawa.