Muryar Marigayi a Shagon Gyara

Ina jira a shagon gyaran kwamfuta, na ji wata dattijuwa ta tsare mai gyara.

"Ɗana, ba ka ce na'urar tana ajiye kwafin komai duk mako ba? Ina muryar marigayi mijina?"

"Ta ajiye, Mama. Amma da lamba take gane fayil, wato kowane abu da aka ajiye a ciki. An naɗi waƙa a kan muryar, lambar ba ta canja ba. Da na zo rage abubuwan da suka maimaitu, ta ga tsohon kwafi da sabo lambarsu ɗaya, sai ta share guda."

"Wanne ta bari?"

"Waƙar."

"Ni kuwa ko cikin mutum dubu ya yi tari, na gane shi. Miƙo min kayana."