A Ba Hambali Ƙofar Ruwa

Assalamu alaikum. Shugaban taro, ranka ya daɗe Dagaci, Allah gafarta Malam Liman, Sarkin Noma, malamin gona, iyayena da 'yan'uwana manoman rani, ina gaishe ku gaisuwar ban girma. Na gode da kuka ba ni dama a wannan rana da za a raba aikin gayyar sussukar alkama ta bana.

Ni ne Baballe, kuma maganar ƙanena Hambali ce ta tashe ni tsaye. Ga shi can yana hararata, don bai san zan yi ba.

Da farko, kun san shekara goma sha ɗaya ya yi yana fama da toshewar hanci, ga ciwon kai, ga majina, ga kuma fuka a ƙirji. Tun kafin ruwan Tiga ya iso gonakinmu ta baki yake numfashi. Bara waccan aka yi masa aiki a birni, aka cire tsiron da ya toshe hancin. Ran da ya dawo, tun daga zaure ya ɗaga murya ya ce, "Sa'a, miyarki ta kama!" Matarsa ta saki ludayi ta fashe da kuka, don rabonsa da jin ƙanshi ko ƙauri tun tana goyon fari. Fukar ma ta lafa, har ya riƙa taka keke zuwa kasuwar Kura bai tsaya hutu ba.

Na biyu shi ne kuskuren, kuma da hannuna a ciki. Mun ɗauka tunda hanci ya buɗe, ƙirji ya warke. Ya bar wanke hanci da ruwan gishiri, ya jefa maganin shaƙa a akwati, ni kuwa da sussukar bara ta zo na ce masa, "Ai ka warke, ɗauki sanda!" Ya shiga masussuka, ƙaiƙayi ya turnuƙe, kafin la'asar sai a amalanke muka fito da shi, leɓunansa sun yi baƙi. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Likita ya zaunar da ni ya ce, "Hanci da ƙirji hanyarsu ɗaya. Mun share bakin hanya, fukar ta yi sauƙi, amma tana nan kwance. In ƙura ta sake kumbura hancin, za ta tashe ta." Mu da muke yashe magudana kowace shekara, ai bai kamata a ce sai an gaya mana wannan ba.

Na uku roƙo ne. Hambali ba zai roƙa ba. Gara masa ya faɗi a masussuka da a ce ya guje wa gayya. Jiya na same shi yana gyara sandarsa. Saboda haka ina roƙon wannan taro, a ba shi tsaron ƙofar ruwa, ya buɗe, ya rufe, ya raba wa masu tumatir rabonsu. Aiki ne, ba hutu ba, kuma babu ƙura a bakin ruwa.

Rabonsa na sussuka kuwa, ga sandar nan a hannuna, da safe na ɗauko ta daga ɗakinsa. Ni na ce ya ɗauke ta bara, ni zan riƙe ta bana. Hambali ɗan'uwana, yi ta hararata. Na gwammace harararka kullum da zaman makokinka kwana ɗaya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya sa albarka a alkamarmu, ya ja zamanin Dagaci, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Na gode.